Ranar da Kawu Ya Kai Taya Abakpa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, mai gyaran tayoyin manyan motoci a Mando ta Kaduna, ya riga mu komawa wata Talata da hantsi, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin na Kawu ba. Jama'a sun cika ƙofar gida har tabarmi suka kasa, sai da aka aro na masallaci. Amma duk wanda ya durƙusa ya ce Allah ya jiƙansa, a nan yake tsayawa. An saba a ƙara da cewa mamaci mai haƙuri ne, mai fara'a, ba ruwansa da kowa. Babu wanda ya iya buɗe baki ya faɗi haka a kan Kawu, don ya san za a juyo a dube shi. Wani maƙwabcinsa, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya daga wani ofis a Doka, mutum ne mai tauna magana kafin ya furta, ya daɗe yana laluben abin da zai ce. Daga ƙarshe ya ce marigayi dai bai iya munafunci ba. Aka yi ta gyaɗa kai, kowa ya samu abin kamawa.

Direbobi sun zo da yawa, sun jera motocinsu a bakin titi, suka ware gefe guda suka zauna. Wani dattijo mai tuƙa tanka ya ce tun yana saurayi yake kai wa Kawu aiki, amma bai taɓa jin sunansa a bakin Kawu ba, sai dai "kai, makashin taya". Dariya ta nemi ƙwace wa mutane, liman ya yi gyaran murya. Wani ya ce ya sha rantsuwa ba zai sake taka rumfar ba, ya sha yin kaffara. Wani kuma ya sunkuyar da kai ya ce an dai huta da masifa. Na kusa da shi ya zungure shi, amma ban ji wanda ya ce ƙarya yake ba.

A cikin gida mahaifiyata ta yi kuka har muryarta ta dushe. Matar Kawu kuwa idonta a bushe, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Da na shiga na gaishe ta, abin da ta ce mini shi ne gidan ya yi shiru har kunnenta na ƙara.

Ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya zo. Ya tsaya a sahun baya aka yi salla da shi, ya sa kafaɗa a makara na ɗan lokaci, ya zuba ƙasa. Bai zauna karɓar gaisuwa ba. Duk wanda ya tare shi zai yi masa ta'aziyya, sai ya nuna cikin gida ya ce a yi wa 'yar'uwarsa. Daga maƙabarta ya wuce shagonsa.

Ba a yi sadakar bakwai ba na bi ta Mando na ga har wani ya kafa teburin sayar da baƙin mai a gindin bishiyar da Kawu ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashinta. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba zan wanke shi ba, don da yana raye shi zai fara zagina idan na yi. Amma ba na so a ce abin da ya rage na mutumin nan shi ne an huta da masifa.

Kawu gajere ne, mai faɗin kafaɗa, baƙin taya ya shige layukan tafin hannunsa har sabulu ya haƙura. Kullum akwai guntun alli maƙale a bayan kunnensa. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin iska mai hayaƙi, jak guda biyu, guduma, da dogayen ƙarafan ɓare taya da suka yi santsi saboda riƙo. Idan ka tsaya da mota ka yi sallama, zai amsa a taƙaice don wajibi ne, amma ba zai tambaye ka gida ba. Zai ɗauki guduma ya zagaya motar yana bugun kowace taya yana saurare. Sai ya gama zagayen sannan ya dube ka, kuma daga irin kallon za ka san yawan zagin da ke jiranka.

Yana da maganganu da duk Mando ta haddace. Yakan ce taya ba ta ƙarya, direba ne maƙaryaci. Yakan ce mota idan tana rawa ba murna take ba. Idan direba ya ce zai lallaɓa a haka ya kai lodi ya dawo, sai Kawu ya ce masa ya biya ta kasuwa ya yanki likkafani, ya rage wa iyalinsa wahala. Ya taɓa korar wani mai tirela da ƙarfe a hannu saboda ya kawo tayoyin gwanjo da suka sha rana har suka tsattsage, ya ce a sa masa a gaba. Ya bi shi har bakin titi yana faɗa masa abin da ba zan rubuta ba.

Masu tura kurar ruwa na unguwar kuwa, wurinsa suke kawo tayoyinsu. Bai taɓa karɓar komai a hannunsu ba. Zai yi facin yana zaginsu, ya ce sun cika jarkoki kamar ba a ƙasa za su bi ba, ya ce ko jaki ya fi su lissafi. Wanda ya yi kuskuren tsayawa godiya, sai ya ce masa ya kauce ya tare masa iska. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai yi alherin da sakin fuska ba, tunda dai zai yi. Ya ce sakin fuska ba ya riƙe iska a taya.

Abin da ya raba shi da ƙanensa kuwa, mari ne. Kawu Ƙarami a hannunsa ya tashi, a rumfarsa ya koyi aiki, ya yi aure yana nan, ya haifi 'ya'ya yana nan. Wata rana ya ɗaura tayar baya ta wata motar katako ya bar noti biyu ba su ɗauru sosai ba. Kawu ya gano kafin motar ta tashi. A gaban direbobi da masu shayi da duk wanda ke wurin ya ɗauke shi da mari, magidanci mai 'ya'ya uku. Kawu Ƙarami ya miƙe. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya tafi. Daga baya ya buɗe nasa wurin a bakin titi ta wajen Abakpa, Allah ya buɗa masa, ya sayi injin da ke juya taya ya nuna inda nauyinta ya karkata. Sama da shekara ashirin ba su yi wa juna magana ba. Biki ko suna, idan ɗaya ya shigo, ɗaya ya fita. Mahaifiyata ta yi sulhu har ta gaji, malamai sun yi, dattawan unguwa sun yi. Kawu ya ce shi bai ga laifin da ya yi ba, noti biyu sun fi kumatu tsada. Sunan ƙanensa ma ya daina faɗa, sai dai "mai inji".

Ni kaina ba mu taɓa shiri da shi ba. Mahaifina direba ne, ya rasu a haɗarin mota ina ƙarami. Da na girma na ce tuƙi zan yi, Kawu ya ce bai yarda ba, na ƙi ji. Ranar da aka fara ba ni babbar mota na je na nuna masa, bai ce Allah ya sa albarka ba. Ya buga tayoyin da guduma ya ce ta hagu ta baya ba ta da iska, ya koma ya zauna. Duk da haka wurinsa nake kai aiki, don mahaifiyata ta ce idan na kai wani wuri ba ta yafe ba.

Abin da nake so in ba da labarinsa ya faru ne a wata damina, 'yan shekarun baya. Lokacin ina tuƙa tifa mai taya goma, ina ɗauko tsakuwa daga kwari, inda ake fasa dutse, ina kai wa masu gini. Mai motar ɗan kasuwa ne, ba mugu ba ne, amma ba ya son jin mota ta kwana ba aiki. Sai sitiyari ya fara rawa a hannuna. Da zarar allura ta haura sittin, sai in ji shi yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Idan da lodi yakan ɗan lafa, idan ba lodi kuwa madubi na kaɗawa, kujera na kaɗawa, har haƙorana na haɗuwa. Da yamma hannuwana sai su yi tsami kamar na wuni ina daka.

Na kai wa Kawu. Ya ce tuƙina ne, ya ce ina faɗawa rami kamar ana biyana in ƙirga su. Sannan ya fara aiki. Ya auna iskar kowace taya. Ya zaro wani dutse da ya maƙale tsakanin tagwayen tayoyin baya. Ya sa aka kankare busasshiyar laka da ta daskare a cikin rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa, ya ce laka kaɗai ta isa ta sa mota rawa. Ya bi notuna duka ya ƙara ɗaure su. Muka hau titi, yana gefena, tafin hannunsa a kan gaban motar. Allura ta haura sittin, rawa ta dawo yadda take.

Washegari ya ɗaga gaban motar da jak. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza don ya ji ko boris, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya saki, bai saki ba. Ya kira wani bakanike maƙwabcinsa ya duba ƙarafan sitiyari, aka ce lafiya lau. Sai ya koma dabararsa ta tun fil azal: ya juya tayar da hannu ya bar ta ta tsaya da kanta, ya sa alli ya yi alama a inda ya sauka ƙasa. Ya sake juyawa, ya sake alama. Idan wuri ɗaya ke sauka ƙasa kullum, nan ne nauyi ya fi yawa, sai ya maƙala darma a ɗaya gefen. Ya ɓare tayar dama ya tarar da wani tsohon faci mai kauri da ɗan ruwa da ya taru a ciki, ya cire, ya gyara. Muka sake hawa titi. Rawar ta ragu, ta matsa sama kaɗan, amma tana nan. Muka dawo rumfa, ni kuwa a raina har da ɗan jin daɗi, na ga yau taya ta ƙi jin zagi.

Ana haka mai motar ya kira ni. Ya ce masu gini sun tsaya suna jiran tsakuwa, idan gobe ba zan iya fita ba in kawo makulli, akwai direbobi a ƙasa suna nema. Ina da mata da 'ya'ya, lokacin ɗaya ma ba shi da lafiya. Na ce wa Kawu ya sauke mini mota, zan lallaɓa a hankali, ba zan haura hamsin ba, idan aikin ya lafa in dawo.

Ya ɗauki sifana ya kwance tayar gaba ta dama, ya gangaro da ita gindin bishiya, ya kwantar, ya zauna a kai. Ya aika aka kawo masa shinkafa da wake ya fara ci.

Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce motar ba tasa ba ce, abincin 'ya'yana ba shi ke ba su ba, kwana biyu yana buga guduma bai iya gyarawa ba, ya bar ni in nemi abin rufin asiri. Mutane suka fara taruwa. Kawu ya haɗiye lomar da ke bakinsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ubanka ma haka ya ce. Bari in kai wannan lodin in dawo. Ga shi nan har yau muna jiransa."

Ban san lokacin da na yi kansa ba. Direbobi biyu suka riƙe ni. Shi ko motsi bai yi ba, ya ci gaba da cin abincinsa. Na fizge na bar wurin, na bar masa motar a kan jak. A hanya na rantse ni da shi har abada, ko mahaifiyata za ta yi fushi.

Da safe ina zaune a ƙofar gida ina tunanin yadda zan kai makulli, sai ga a-kori-kura ta tsaya. Kawu na gaba kusa da direba, tayoyin gaban tifata guda biyu na kwance a baya. Bai gaishe ni ba, bai ambaci jiya ba. Ya ce in shiga. Na so in ƙi, amma tayoyin motar da aka damƙa mini amana ne, don haka na haye baya na zauna a kansu. Ban san inda za mu ba sai da na ga mun bar Mando mun miƙe, mun karkata ta Abakpa. Nan na gane wurin ƙanensa muka nufa.

Shagon Kawu Ƙarami fes yake, daɓen siminti, janareta na aiki, ma'aikata uku cikin riguna iri ɗaya. Yana tsaye da tabarau yana duba wata ƙaramar mota. Ya ɗago ya ga wanda ya sauko daga a-kori-kura, ya daɗe yana kallo, sannan ya koma kan aikinsa. Na gaishe shi ya amsa mini da kyau, ya tambayi mahaifiyata da yara. Yayansa kuwa kamar ba a sauke kowa ba.

Kawu ya tsaya a bakin daɓen, bai taka ba. Ya ce da ni in gaya wa mai inji a ɗora tayoyin nan. Kawu Ƙarami, wanda ke jin komai don bai fi taku kaɗan tsakaninsu ba, ya ce da ni in gaya wa mai tayoyin akwai layi. Motoci biyu ne a gabanmu, ƙanana, aikin da ma'aikatansa za su gama kafin a sha shayi. Kawu Ƙarami ya karɓa da hannunsa ya yi shi a natse, yana gogewa, yana sake dubawa, ya amsa waya, ya yi sallar walha. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya kawo wa Kawu benci, ya ƙi zama. Haka ya tsaya cikin rana, tsoho mai furfura, hannayensa a baya, har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa.

Da aka zo kanmu aka ɗora tayar hagu. Injin ya juya ta, ya nuna 'yar darma kaɗan take buƙata, aka maƙala. Aka ɗora ta dama. Tun kafin injin ya gama juyi Kawu Ƙarami ya kashe shi. Ya ɗauko wani siririn ƙarfe ya kafa kusa da leɓen rim ɗin, ya juya tayar da hannu a hankali. Ni da ba sana'ata ba ce na ga abin da ake nufi: leɓen yana matsowa ya taɓa ƙarfen, ya ja baya, ya sake matsowa. Rim ɗin a karkace yake, yana lilo hagu da dama. Allin Kawu nauyin sama da ƙasa kawai yake nunawa, wannan lilon ba zai taɓa kama shi ba.

Kawu Ƙarami ya sa filaya ya fara cire darmar da Kawu ya maƙala, ɗaya bayan ɗaya, yana sakinta a kan siminti tana ƙara. Ya shafa wani wuri a jikin rim ɗin da fenti ya ƙone. Sannan ya ɗaga murya yadda ma'aikatansa da masu jira da mai sayar da rake a bakin titi za su ji.

"Tambaye shi, wane gwani ne ya gasa rim ɗin nan ya miƙe shi da guduma?"

Na san amsar. Watanni kafin nan na faɗa wani rami a hanyar kwari, rim ɗin ya lanƙwashe, Kawu ya sa wuta ya buga shi ya ce ya koma daidai.

Kawu ya ce, "Gaya masa ni ne."

Kawu Ƙarami ya ce in gaya masa ko darmar Kaduna duka zai rataya, wannan rim ɗin ya mutu. Ya ce ƙarfen da ya sha wuta a tayar gaba, wata rana da lodi a gangara zai tsage, kuma ba tambayar kowa zai yi ba. Ya ce a da can akwai wanda ya san hukuncin mai irin wannan ganganci, bai sani ba ko hukuncin ya canza. Ma'aikatan suka sunkuyar da kai. Ni na riga na matsa kusa, don na tabbata yau sai an raba su da ƙarfe.

Muƙamuƙin Kawu ya motsa. Ya juya ya nufi a-kori-kura, ya ɗaga wani buhu da ke shimfiɗe a kusurwa, ya jawo sabon rim. Tun daga Mando yake ƙarƙashin buhun ban lura ba. Ashe ya riga ya zargi aikin hannunsa. Yana iya sauyawa a rumfarsa ba wanda zai sani, amma bai yarda da allinsa a kan tayar da zan zauna a kanta ba, sai ya ɗauko kansa ya kawo inda ya san abin da za a yi masa.

A nan bakin daɓen ya durƙusa da ƙarafansa ya ɓare tayar, ya mayar da ita kan sabon rim. Ma'aikatan suka zo taimako ya kore su da ido. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Aka ɗora a inji, Kawu Ƙarami ya maƙala 'yar darma ciki da waje, ya sake juyawa, tayar ta tafi sumul kamar ba ta motsi. Sannan ya ce da ni aikinsa ba ya barin hannunsa sai ya ga an ɗaura shi yadda ya kamata, don ba kowa ya iya ɗaure noti ba. Ya hau babur ɗinsa ya biyo mu har Mando.

Duk wanda ke Mando ran nan ya bar abin da yake yi. Kawu ya goge fuskar da rim ke zama a kai har tsatsa ta fita, ya ɗaura, yana ɗaure notuna wannan gefe da wancan, ƙanensa na tsaye a kansa yana kallo. Da aka sauke jak na hau na tayar. Kawu ya hau. Kawu Ƙarami ma ya hau. Kujerar gefe ɗaya ce, suka matsu a kanta, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa na kallon gaba.

Na hau babban titin baifas na ba motar wuta. Hamsin, sittin, saba'in. Sitiyari ya kwanta a hannuna kamar an yi masa allura. Na ɗan saki hannu, motar ta miƙe ba ta karkata ba. Ni dai na san aikina ya tsira, amma ba shi nake tunani ba. Jira nake in ji abin da Kawu zai ce, kuma na san wanda ke gefensa ma shi yake jira. Kalma ɗaya ta isa.

Kawu ya ɗauke hannunsa daga gaban motar ya ce, "Injin ya iya aiki."

Kawu Ƙarami ya ce in tsaya. Na gangara gefe. Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya riƙe ƙofar, ya dubi yayansa ido cikin ido, karon farko a tsawon shekarun nan.

"Yaya, marin nan har yau yana nan."

Kawu bai juyo ba. Ya ce da ni in ja mota, muna tare hanya. A madubi na ga Kawu Ƙarami tsaye a bakin titi yana tsayar da keke mai ƙafa uku, ya bar babur ɗinsa a Mando sai daga baya ya aiko aka ɗauka. Iyakar sanina, wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu a duniya.

Da muka koma rumfa na ce na gode, da ƙyar ta fito. Ya ce idan na kai lodin farko in dawo a sake ɗaure notuna, kuma in daina tuƙi kamar wanda aka biyo. Daga ranar bai sake gasa rim ɗin gaba ba. Duk motar da ta zo tana rawa, zai yi abin da zai iya, idan ta ƙi sai ya ce wa direban ya kwashe tsiyarsa ya kai wa mai inji. Direbobi da yawa sun bi hanyar Abakpa da zagin Kawu a kunnensu. Kawu Ƙarami yana karɓarsu, ya san wanda ya turo su, bai taɓa aiko da ko gaisuwa ba.

Na kai ƙarar maganar da ya faɗa a kan mahaifina wurin mahaifiyata. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba: ranar haɗarin, Kawu ne ya tafi ya ɗauko gawar daga bakin hanya, shi ya yi masa wanka, ya hana kowa shiga, har ita. Ta ce bai taɓa gaya mata abin da ya gani ba. Ba ta ce ya yi daidai ba, ni ma ban ce ba. Na fahimci inda maganar ta fito, amma fahimta ba ta goge ta. Har yau idan na tuna yadda ya faɗe ta da shinkafa a hannu, gaban mutane, ƙirjina yana zafi.

Da ciwo ya kwantar da shi, mahaifiyata ta ce in je mu nemi gafarar juna tun ana ganin juna. Na je da rana. Ya rame, hannayen nan sun yi fari, abin da ban taɓa gani ba. Na zauna a ƙasa kusa da katifar. Na tambaye shi ko in je in kira Kawu Ƙarami. Ya buɗe ido ya ce ciwo yake yi, ba hauka ba.

Na ce to ni dai ya yafe mini, na ɗaga masa murya, na yi kansa a gaban jama'a. Ya ce ya yafe, ba don na cancanta ba, don dai kada uwata ta dame shi. Na jira. Na ɗauka shi ma zai ce wani abu, ko da a karkace ne, irin nasa. Na zauna har ƙafata ta yi sanyi. Ya juya fuskarsa bango ya ce idan zan fita in ja ƙofa, ina shigo masa da ƙuda.

Ban sake jin muryarsa ba.

A bakin kabari liman ya ce duk wanda marigayi ya ɓata wa rai ya dubi Allah ya yafe masa, don yau ba shi da bakin roƙo. Na ji muryoyi ta ko'ina suna cewa sun yafe, wasu da sauri, wasu da jinkiri. Ni ma na ce na yafe, kuma da gaske nake. Bayan kwana biyu ina tuƙi maganar ta faɗo mini, na ji raina ya ɓaci kamar yau ya faɗe ta, sai na sake cewa na yafe. Jiya ma na sake. Da alama haka za mu ci gaba da shi, ni da Kawu, yana can ina nan, ina yafewa ana ragewa.

Ya Allah, Kai ka san bawanKa fiye da yadda muka san shi. Ka yi masa sauƙin da bai iya yi wa kowa da baki ba. Ka dubi rayukan da suka koma gida lafiya ta hannunsa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya zuciyar ƙanensa. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.